A Bar Gyaɗa Ta Huta Kan Maganar Ƙurajen Fuska

Jama'a, yadda muke yi wa 'ya'yanmu a kan ƙurajen fuska yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yarinya ta kai shekara 13 ko 14, goshi ya fara fesowa, a gida a ce gyaɗa ce, a makaranta a ce ƙazanta ce. Ta koma tana dirje fuska da soso har ta yi ja, tana ɓoyewa cikin hijabi.

Ba ƙazanta ba ce. Idan balaga ta zo, sinadaran jiki da likitoci ke kira androjen suna sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayar cutar da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, sai kumburi. Shi ya sa wasu matan suke ganinsu duk lokacin da al'ada ta kusa, ko da juna biyu. Akwai gado ma a ciki.

Abinci yana da nasa rabon, ban musa ba, amma ba inda muke nuna yatsa ba. Abin da bincike ya fi kamawa shi ne kayan da ke ɗaga sukarin jini da sauri: lemon kwalba, farin burodi, biskit, shayin da aka zuba wa sukari cokali huɗu. Sukari ya hau, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya hau, maiƙo ya ƙaru. Madarar shanu ma tana tayar wa wasu. Gyaɗa kuwa babu wata ƙwaƙƙwarar hujja a kanta. Kuma abin takaici, a Jos muke! Kabeji, karas, kokwamba, koren wake jibge a kasuwar Farin Gada, motoci na lodinsu zuwa wasu jihohi, yaranmu kuma suna karyawa da fanke da lemo.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne man haɗi. Ki shiga kasuwar Terminus ki ce ƙuraje ke damunki, a miƙo miki 'yar roba babu suna babu lambar NAFDAC. Da yawansu akwai sitiroid a ciki, wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Sati biyu fuska ta yi luwai, kowa na yabawa. Bayan nan fata ta yi siriri, ƙananan ƙuraje su cika kumatu, ranar da kika daina kuma abin ya dawo ninki. Ga sanyin garin nan da ke sa mu lafta basilin da man gashi har goshi, su ma suna iya tayar da ƙuraje.

Iyaye mata, don Allah ku hana matse ƙuraje da shafa musu man goge baki ko lemon tsami. A baƙar fata, tabon da suke bari ya fi ƙurjin daɗewa, sai ya yi watanni. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi. Maganin gaskiya irin benzoyl peroxide yana bukatar sati 6 zuwa 8 kafin a ga canji, a yi haƙuri da shi. Idan manyan ƙuraje ne masu zafi a ƙarƙashin fata, a kai yarinya wajen likitan fata tun kafin su bar rami, mai ciki kuma kada ta taɓa wani magani sai ta tambayi likita.