Bakin tekun nan da ke cikin hoton aure yana da masu shi

Duk wanda na nuna wa hoton ɗaurin auren abokiyar aikina a tsibirin Kadavu na ƙasar Fiji, magana ɗaya yake yi: "Kai, kun ji daɗinku!" Farin rairayi, ruwa shuɗi garau, amarya da ango ba takalmi, babu kowa a bayansu sai itatuwan kwakwa. Hoton ya yi kyau, ban musa ba. Sai dai ina wurin lokacin da aka ɗauke shi, kuma abin da na gani ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kafin mai hoto ya danna kyamara, sai da ya ɗaga hannu ya ce yaran ƙauye su matsa gefe, a kuma janye kwale-kwalen da ke ɗaure a bakin ruwa. Wannan kwale-kwalen shi ne wanda muka yi wata da watanni muna shiga, ni da amaryar, muna fita auna lafiyar murjani a jerin duwatsun da ake kira Great Astrolabe. Mai shi ne ya san inda igiyar ruwa ke juyawa, shi ke duban sama ya ce yau ba fita, kuma bai taɓa kuskure ba. Matarsa da ƙannenta ne suka kwana suna dafa abincin bikin a lovo, wato ramin da ake gasa abinci a kan duwatsu masu zafi. Ko ɗayansu babu a hoton.

Ni ra'ayina shi ne, mu baƙin da aiki ya kai mu tsibirai mun saba da wannan janye kwale-kwalen, ba a biki kaɗai ba, har a rahotanninmu da labarin da muke ba 'yan'uwa.

A Fiji ba a faɗa wa ƙauye haka kawai. Sai ka yi sevusevu: ka kai saiwar yaqona, tsiron da ake yin abin shansu na gargajiya da shi, gaban sarkin ƙauye, ka cire hula, ka zauna a tabarma, a faɗi abin da ya kawo ka. In an karɓa, ka zama baƙonsu, lafiyarka tana wuyansu. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asali ce, ba a sayar da ita, galibin otal-otal haya suke biya. Ruwan ma an raba shi zuwa wuraren kamun kifi na gado sama da 400, ana ce musu qoliqoli. Tun kafin masana su zo da zancen killace teku, mutanen nan suna hana kamun kifi a wani yanki na tsawon dare 100 idan sarki ya rasu, kifi ya samu ya hayayyafa. To wa ya koya wa wani?

Abin ba yau ya fara ba. Masanin halittu ɗan Birtaniya Alfred Russel Wallace ya yi shekara takwas, daga 1854 zuwa 1862, yana yawo a tsibiran da yau galibinsu ke Indonesiya, ya tara samfurin halittu sama da 125,000. Wani matashi ɗan yankin Sarawak na tsibirin Borneo mai suna Ali ne ya harbo masa tsuntsaye da dama, har da wani tsuntsu na musamman da ya samo a tsibirin Bacan a 1858. Sunan Wallace aka laƙaba wa tsuntsun. Shi ya sa nake jinjina wa Vanuatu, maƙwabciyar Fiji: daga 1985 zuwa 1994 ta rufe ƙofa ga baƙi masu binciken al'adu, da ta buɗe kuma sai da sharaɗin a yi aiki tare da 'yan ƙasa, a bar musu kwafin abin da aka tattara.

Ta fuskar iyali kuwa, ba zan ce babu wahala ba. Ina tafiya Kadavu mako biyu ko uku, maigidana da yaranmu biyu suna Suva, babban birnin Fiji. Waya tana kamawa ne kawai in na hau wani tudu. Ranar da zazzaɓin dengi ya kwantar da ƙaramar, ina can jirgi bai zo ba, kwana biyu ban runtsa ba. Matar da ke taya mu aikin gida ce ta zauna da ita a asibiti tare da babanta, ta bar nata 'ya'yan wajen kakarsu. A bakinta yarana suka koyi cewa "bula" da "vinaka", wato "sannu" da "na gode", ita ta koya musu su sunkuya in za su wuce gaban manya. Amma in baƙi irinmu suka haɗu ana hira, sai ka ji ana zancen tsadar makaranta da zafin gari, ita kuwa ba a ko ambatarta.

Ga kuma bambancin da ya fi kowanne girma. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwa ne. A ranar 20 ga Fabrairu 2016 guguwar Winston ta kashe mutum 44 a Fiji, ta share ƙauyuka a tsibirin Koro. A Afrilun 2020 guguwar Harold ta bi ta kan Kadavu. Mu muna da fasfo da inshora da tikitin jirgi. Mutanen ƙauyen Vunidogoloa kuwa, da teku ya ci musu gidaje, sai dai suka kwashe a 2014 suka koma tudu, suka bar kaburburan iyayensu a baya.

Ba cewa nake kada a yi aure a bakin teku ba. Bikin ya kawo wa ƙauyen kuɗi, kuma da zuciya ɗaya suka yi wa amarya waƙa. Abin da nake nema kaɗan ne: wanda ya san ruwan ya kai ka ga sakamakon bincikenka, a sa sunansa cikin marubuta, ba a shafin godiya kaɗai ba. A mayar da rahoton ƙauyen, a karanta shi a harshensu. Mai rainon yaranka a biya ta albashin da zai riƙe nata gidan.

Bayan mai hoto ya tafi, amaryar da kanta ta kira kowa, aka maido da kwale-kwalen, na ɗauki wani hoton da wayata. Mutum ya fi arba'in a ciki, wasu sun rufe ido, wani yaro yana kuka. Shi na wanke na aika wa sarkin ƙauyen, shi ne kuma rataye a ɗakina.