Firizar Gwaggo da masu cewa maganar banza ce

Wallahi tun jiya raina yake a ɓace, kun dai san maganar da ta taso a majalisarmu ta Tudun Wada bayan sallar isha'i. Daga na ce ya kamata gwamnati ta riƙa karɓar tsofaffin firij da firiza a hannun mutane tana rage musu kuɗin sabo mai ƙarancin shan wuta, sai wani bawan Allah ya kwashe da dariya wai mutane na fama da abin da za su ci ni ina zancen firij. Na ce masa Malam, ai firij ɗin shi ne abincin!

Ku zo gidan Gwaggona ku gani. Firiza ce ta gwanjo, irin 'yar Beljiyam ɗin nan, tun ina sakandare take nan. Robar bakin ƙofar ta mutu, da tsohon tiyub ɗin mashin ake ɗaure murfin, kwamfaresa kuwa in an kawo wuta ba ta hutawa ko na minti ɗaya, in ka taɓa bayanta sai ka janye hannu don zafi. Da ita take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da ita take riƙe marayu huɗu. Tun da aka sa mata mita, in ta sayi wuta yau kafin ta juya ta ƙare, rabin ribar ƙanƙarar nan cikin mitar take tafiya. Ta san sabuwa ba ta shan wuta haka, kowa ya sani, kuɗin sayen ne babu. Mai hali ya canza tasa tuntuni yana biyan kaɗan, talaka na riƙe da tsohuwa yana biyan mai yawa, abin da ke ci min rai ke nan.

Kuma ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Ga Ghana nan kusa da mu, a 2012 suka fara wannan tsarin, ka kai tsohon firij ɗinka a rage maka kuɗin sabo, a 2013 kuma suka fara aiwatar da hana shigo da firij na gwanjo. Tun 2007 ma sun raba ƙwan fitila mai ƙarancin shan wuta guda miliyan 6 kyauta. Sin ta yi nata a 2024, ragin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ga wanda ya canza tsohon kayan wuta na gida. Mu fa? A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, bayan an cire tallafin mai tun Mayun 2023, amma ba a ba wa irin su Gwaggo hanyar da za su rage shan wutar ba. An tsadantar da ruwa an bar mutum da tulu mai yoyo.

Ku yi lissafi da ƙwan fitila kawai. Tsohon mai jan haske ɗin nan wat 60 ne, na LED mai haske kusan ɗaya wat 9. In ka kunna awa 10, a kan naira 200 yunit, na farko ya ci naira 120, na biyu naira 18. Ƙwai ɗaya fa! To ina ga firiza da ke aiki dare da rana?

Wai za a sace kuɗin. To kar a ba kowa kuɗi a hannu mana, ka kai tsohuwa shago a Sabon Gari, a rage maka nan take, a lalata tsohuwar kar ta sake zagayowa kasuwa, shi ke nan. Wai ai wutar ma babu. Haba, ai saboda babu ɗin ne ya kamata a tattala 'yar wadda ake samu, in kowane gida a layi ya rage abin da yake ja, taransifoma ma ta huta da yawan ƙonewa, mu huta da karo-karon gyara. Ni dai hawayen Gwaggo na gani ranar da ƙanƙararta ta narke cikin azumi, yara sun yi layi da kuɗinsu a hannu ta ce su koma.

Af, tun da na ambaci ƙwan fitila, 'yan uwa masu shagon kayan wuta ku ji tsoron Allah. Guda uku na saya watan jiya, an rubuta wat 15 a kwali, biyu ko sati biyu ba su yi ba suka fara ƙyafta ido suka mutu. Wanda ya san inda ake samun na ƙwarai tsakanin PZ da Kwangila a Zariya don Allah ya faɗa min, na ɗakin Hajiyarmu ma ya fara.