Ku daina jingina wa Annabi Sulaiman ramin Mahad

Wannan bidiyon da ke yawo tun jiya, duk kun gan shi, ba sai na sake ɗora shi ba. Babban mutum da gemu, ya kwaso bayin Allah 'yan umara daga Madina, ya karɓi riyal ɗinsu, ya tsayar da su a bakin waya a Mahad Dahab, mahaƙar zinariya a Saudiyya, yana nuna dutse da carbi wai nan ne aljanu suka haƙa wa Annabi Sulaiman zinariya. Har wata tsohuwa ta durƙusa tana tsintar tsakuwa tana ƙullewa a bakin mayafi. Sannu Malam, sannu da ilimi. Aljanun ne suka ba ka labarin, ko kai ne ka riƙe musu fitila?

Ƙarya ce, kuma ƙarya ce da sunan Annabin Allah. Babu aya, babu hadisin da ya ce haka. Asalin maganar ma ba daga malamanmu ta fito ba. Wasu masana duwatsu ne daga Amurka suka ga girman tsofaffin ramukan suka yi hasashen ko nan ne ƙasar Ofir da littafin Yahudawa da Kiristoci ya ce daga can ake kawo wa Annabi Sulaiman zinariya. Hasashe. Kai kuma ka ɗauko hasashen Bature ka naɗa masa rawani kana sayar wa tsofaffi.

Na ga masu cewa ai neman abinci yake, a yi masa uzuri. Mai sayar da dabino a Ƙuba ma abinci yake nema, bai ce Sahabbai ne suka shuka masa ba. Wasu kuma wai ai bai cuci kowa ba, an je an sha iska. Ku tambayi tsohuwar nan idan ta koma Gumel ta jiƙa tsakuwar ta ba jikanta.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, garin nan ba ya buƙatar ƙaryar kowa. Sunansa na da Ma'adin Bani Sulaim, wato mahaƙar ƙabilar Bani Sulaim, ba Sulaiman ba. Zango ne a kan Darbu Zubaida, hanyar alhazan Iraƙi daga Kufa zuwa Makka, wadda ta ɗauki sunan Zubaida matar Haruna Rashid saboda rijiyoyi da tafkunan da ta gina a kanta. A zamanin Abbasiyawa an yi haƙa sosai a wurin, kafin su ma an yi. An tsinci gudumomin dutse da duwatsun niƙa birjik, waɗanda mutane, 'yan Adam masu gumi irina da irinka, suka riƙa farfasa dutse da su a cikin wannan zafin na Hijaz. Su wa ke tuna su? An ƙwace musu wahalarsu an ba aljanu.

Bayan an yi watsi da wurin shekaru aru-aru, Karl Twitchell, Ba'amurken da Sarki Abdul'aziz ya sa ya nemo masa ruwa da ma'adinai, shi ya sake gano shi a 1932. Daga 1939 zuwa 1954 kamfani ya fitar da zinariya fiye da tan 20, kuma da tulin ƙasar da mutanen can baya suka zubar aka fara, don akwai sauran zinariya a ciki. Aka rufe, aka sake buɗewa a 1988, yau yana hannun Ma'aden, kamfanin haƙar ma'adinai na Saudiyya. Duk wannan bai ishe ka labari ba, Malam? Sai ka sako Annabi?

Wallahi ni ina son mutanenmu su je. 'Ya'yanmu da aka haifa a Madina da Makka, da yawansu ba su san komai a ƙasar nan ba sai Harami da kasuwa. Tafiyar ta wuce kilomita 200 kudu maso gabas da Madina, ka ratsa baƙaƙen duwatsun harra, wato na aman wuta, ka ga tsaunuka tsirara babu ko ciyawa, ka tambayi kanka yadda ayarin alhazai ya bi nan da raƙuma. Ku je da ruwa, ku je da sanyin hunturu, ku san cewa mahaƙar tana aiki, ba a shiga kai tsaye. Amma ku je a matsayin yawon buɗe ido. Ba Uhudu ba ne, ba Baƙi'a ba ce, kada wani ya kira muku shi ziyara ya ƙara kuɗin mota.

Kuma tunda maganar zinariya ake, Hajiyoyinmu, wannan haƙorin Makka da ake manna muku a lungu a kan 'yan riyal kaɗan, don Allah ku riƙa tambayar abin da ke ciki. Ƙanwar mahaifiyata nata ko wata uku bai yi ba ya koma kore, kuma har yau ta hana a cire mata.