Sankarar mama, bayan kuɗin asibiti wa zai riƙe cefanen gida?

Wata huɗu kenan ina raka wata 'yar uwarmu asibiti a nan Bronx, a birnin New York na Amurka. Sankarar mama ce, an cire nonon hagu har da kaluluwar hammata, ga kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, yana kayar da ita, hannun ya kumbura ko bokiti bata iya ɗagawa. Aikinta kuwa kula da tsofaffi a gidajensu, ɗaga wannan kwantar da wancan. Ranar da ta fara min kuka ba kan ciwon bane wallahi, kan kuɗin haya ne.

Anan na gane mu a gida lissafin rabi muke yi. In aka ce wance ta kamu, kuɗin tiyata da allurai da gashin na'ura kawai ake tarawa, ba mai tambayar kaskon ƙosan da ta sauke wa zai maye gurbinsa, alhali da shi ake biyan kuɗin makarantar yara.

Amurka dai ta yarda rashin iya aiki shima asara ne. Akwai abinda suke kira SSDI, kuɗin da ake biyan wanda ciwo ya hana aiki, a ƙarƙashin hukumar fansho ta Social Security, daga harajin da ake cirewa a albashinka ake biya, amma fa sai likitoci sun tabbatar ciwon zai hana ki aiki shekara guda cur ko kuma na ajali ne, sannan in kin kai shekara 31 ana so ace kin yi aikin da aka biya haraji kamar shekara 5 cikin 10 na baya. Wadda nata ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu ana gaggauta duba takardarta. To amma ko an amince sai an cika wata 5 daga sanda ciwon ya hana aiki kafin kuɗi ya fara, inshorar lafiya ta Medicare kuma sai bayan wata 24 a kan hakan. Wannan yana min ciwo sosai, macen da ciwo ya kai ƙashinta a ce ta jira wata 29! Masu cutar ALS, mai kashe jijiyoyin motsa jiki, an ɗauke musu jiran nan gaba ɗaya, kenan abu ne mai yiwuwa in an ga dama.

Ita 'yar uwar tamu Allah ya taimake ta shekara 11 tana aiki da takarda. Matanmu masu kitso a Harlem da ake biya hannu da hannu su nake ji, in ba'a kai rahoton kuɗin an biya haraji ba, a wajen hukuma kamar baki taɓa aiki ba. Kuma dan Allah masu aikin kamfani, in an kawo fom ɗin inshorar doguwar jinya a daina tsallakewa dan 'yan daloli, yawanci kusan kashi 60 na albashi take biya, kuma da lafiyarki ake shiga, in ciwo ya riga ya bayyana sai su ce dama da shi kika zo.

A Najeriya dokar ƙwadago kwana 12 ta tanada na hutun jinya da albashi a shekara, kemo kaɗai sai ya ci wata huɗu zuwa shida. Akwai asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 a asibitoci shida, harda na Shika a Zariya da na Gombe, abu ne mai kyau amma magani yake biya, baya sa tukunya a wuta. Mafi yawan matanmu ma sana'ar cikin gida suke, ba albashi balle fansho.

Goggona da tayi wannan ciwon shekarun baya, ta daɗe tana ɓoyewa saboda ance daji baya son allura, da aka sani kuwa a rana ɗaya dangi suka haɗa kuɗi, ba fom ba sa hannun likita, maƙwabta na aiko kwano safe da dare. Nan ba zaki samu wannan ba, kowa yana wajen aiki. Sai dai ciwon ya fi ƙarfin gudummawar sati biyu, bayan wata shida kwanukan suka ragu, kowa da nasa nauyin, ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta, daga baya sai dai a ce mata "Allah ya ƙara sauƙi" a waya.

Ita 'yar uwar tamu ta nan mun miƙa takardunta na SSDI, har yanzu shiru. Mu takwas muka mayar da adashinmu kanta, kwasar wata uku a jere tata ce, bayan nan sai mu sake zama.