Demdike ta Pendle: tsohuwar da aka sha maganinta kafin a kira ta mayya

A shekarar 1612, a wani yanki mai tuddai da ake kira Pendle a arewacin Ingila, akwai wata tsohuwa makauniya mai suna Elizabeth Southerns, wadda kowa ya fi sani da laƙabin Demdike. Shekarunta sun kai tamanin, ba ta da miji, kuma jikarta ce ke yi mata jagora idan za ta fita bara. Kusan shekara hamsin mutanen yankin suna kallonta a matsayin mai asiri, suna tsoronta, kuma duk da haka ita suke aikawa a kira idan saniya ta kwanta. Na daɗe ina juya labarinta a raina, domin duk lokacin da aka ambaci mayun Turai, hankalin mutane yakan tafi ga tukunya da baƙar kyanwa da tashi sama cikin dare, alhali abin da takardun kotu suka adana shi ne rayuwar talakawa masu fama da yunwa, waɗanda maƙwabtansu suka amfana da su shekara da shekaru kafin su miƙa su ga igiya.

A Ingila ta wancan zamani, likita na masu kuɗi ne kuma a birni yake. Mutumin ƙauye idan ɗansa ya kwanta, ko dabbarsa ta daina ba da madara, ko aka yi masa sata, wurin masu magani na gargajiya yake zuwa, maza da mata, waɗanda Turawa suke kira da sunan da ke nufin masu sani. Suna haɗa saiwoyi da ganyaye, suna karanta addu'o'i, suna duba inda kayan sata suka shiga, suna kuma karya sammu. Mai jin Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin harshenmu ya raba boka da maye: wurin boka ake kai kuka, maye kuwa shi ake kuka da shi. Su ma Turawan sun yi wannan rabon, kuma da yawa daga cikin masu maganinsu sun mutu a kan gadonsu babu wanda ya taɓa su. Amma rabon bai kare kowa ba. Matar da take magani kuma take bara a lokaci guda tana tsaye ne a bakin rami, domin sunan da za a kira ta da shi gobe ya danganta ne da ko saniyar ta tashi ko ta mutu.

Haka ya faru da Demdike. Wani manomi mai suna John Nutter ya kira ta ta duba saniyarsa, ta je da dare ta yi abin da ta saba, gari ya waye saniya ta mutu, kuma wannan mutuwar tana cikin abubuwan da aka lissafa a kanta daga baya. Wani mai gidan niƙa kuma, Richard Baldwin, ta je neman haƙƙin aikin da 'yarta ta yi masa, ya kore su da zagi yana barazanar ƙone ɗaya da rataye ɗaya. Da 'yarsa ta rasu bayan wani lokaci, sai aka tuna da ranar. Babu wanda ya sake tambayar ko ya biya kuɗin aikin.

Akwai wata tsohuwar a yankin mai irin wannan sana'a, Anne Whittle, wadda ake kira Chattox saboda leɓunanta ba sa daina motsi, kullum tana gunaguni ba a jin abin da take faɗa. Gidajen biyu ba sa ga maciji da juna, kuma dalilin a fili yake: kasuwa ɗaya suke ci, kasuwar kuwa ƙarama ce. Surukin Demdike, John Device, ya riƙa ba Chattox garin hatsi kimanin kilo uku da rabi duk shekara don kada ta taɓa iyalinsa, kuma jikar Demdike ta shaida cewa da zai mutu ya ɗora laifin a kan shekarar da bai biya ba. A nan nake ganin tarkon da waɗannan mata suka shiga. Tsoron da ake yi musu shi ne jarinsu kaɗai. Tsohuwar da ba ta da gona, ba ta da ɗa mai hali, idan aka daina tsoronta an daina ba ta sadaka, don haka ba za ta iya fitowa ta ce ba ta da wani asiri ba, ko da ta san hakan a zuciyarta.

Abin da ya tayar da wutar ƙarami ne ƙwarai. A watan Maris na 1612, Alizon Device, jikar Demdike, ta haɗu da wani ɗan koli mai suna John Law a hanya, ta nemi ya ba ta ƙananan fil na ƙarfe. Ya ƙi kwance kayansa, ta yi masa baki, bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi. Yadda aka bayyana shi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, gefe ɗaya ya daina aiki, duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki zai gane ciwon. Amma yarinyar ta tashi a gidan da aka gaya mata tun tana ƙarama cewa bakinsu yana kama mutum, kuma ta ga mutum ya faɗi a gabanta. Da aka kai ta wurinsa, sai ta amsa laifi ta roƙi gafara. Ni dai na gaskata cewa da zuciya ɗaya ta yi, kuma wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a dukan labarin.

Ɗan John Law ya kai ƙara wurin majistaren yankin, Roger Nowell. Lokacin kuwa bai yi wa mai irin wannan tuhuma daɗi ba, domin Sarki James da ke mulki ya rubuta littafi a kan maita da kansa a 1597, kuma dokar 1604 ta tsananta hukuncin kisa a kan mu'amala da aljanu. Nowell ya yi ta tambaya, Alizon ta ambaci kakarta, ta ambaci Chattox, tsofaffin biyu suka shiga jifan juna da tuhuma, kowace kuma ta amsa cewa tana da aljani mai yi mata aiki. A farkon Afrilu aka tura su kurkukun Lancaster tare da Alizon da 'yar Chattox, Anne Redferne. Ranar 10 ga Afrilu, Juma'ar da ke gaban bikin Ista, dangi da abokan arziki suka taru a gidan Demdike, aka yanka tunkiyar da jikanta James ya sato aka ci. Wannan zaman cin abinci ne ya koma taron mayu a takardar Nowell, har da zargin shirin fasa kurkuku da kashe mai gadinsa, shekara bakwai bayan yunƙurin tarwatsa majalisar Landan da albarushi a 1605, lokacin da kunnen hukuma yake a buɗe ga duk maganar makirci.

An yi shari'ar ranakun 18 da 19 ga Agusta, waɗanda ake tuhuma ba su da lauya. Babbar mai shaida ita ce Jennet Device, ƙanwar Alizon, yarinya 'yar shekara tara. Da mahaifiyarta ta ga an shigo da ita, ta yi ta kururuwa har aka fitar da ita daga ɗakin, aka ɗora yarinyar a kan tebur ta ce uwarta mayya ce, sannan ta ba da shaida a kan yayanta James. Har addu'o'in da ake karantawa a gidansu ta maimaita wa kotu, kuma abin da ke cikinsu guntayen tsofaffin addu'o'in ɗarikar Katolika ne, masu ambaton gicciye da manzanni, irin waɗanda kakanni suka bari bayan hukuma ta sauya ɗarika. Anne Redferne ba ta taɓa amsa laifi ba. An wanke ta a rana ta farko daga kashe wani mutum, washegari aka sake gurfanar da ita a kan kashe mahaifin mutumin, aka same ta da laifi. Alice Nutter, gwauruwa mai rufin asiri, ita ma ta musanta har ƙarshe, kuma rufin asirin bai cece ta ba.

Maganar yarinyar nan ce ta sa ba zan iya kallon Pendle a matsayin labarin wata ƙasa kawai ba. Mu ma mun san gidajen da yaro yake kwance cikin zafin zazzaɓi, ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, a je a jawo ta a ce sai ta tsallake shi ta saki kurwarsa, kuma daga ranar sunan ya bi 'ya'yanta da jikokinta har wurin neman aure. Ba ina wanke bokanci ba ne, hukuncin sihiri a addini sananne ne kuma ban ja da shi ba. Sai dai addinin da ya haramta sihiri shi ne ya ɗora wa mai tuhuma nauyin kawo hujja, kuma sambatun majinyaci ba hujja ba ne, haka ma maganar yaron da manya suka kewaye suna jiran ya faɗi abin da suke son ji. Pendle ɗin kanta ta tabbatar da haka. Bayan kimanin shekara ashirin, wani yaro mai suna Edmund Robinson ya ƙirƙiro labarin taron mayu, aka kama mutane da dama, cikinsu har da wata mai suna Jennet Device, aka sami da yawa daga cikinsu da laifi a 1634, daga baya yaron ya amsa a Landan cewa ƙarya ya shirya.

Kusan duk abin da muka sani game da mutanen 1612 ya fito ne daga alƙalamin magatakardan kotun, Thomas Potts, wanda ya wallafa bayanin shari'ar a 1613 da amincewar alƙalan da suka yanke hukuncin. Muryarsu ta iso mu ne ta bakin waɗanda suka rataye su, don haka nake karanta shi a hankali, ina tsintar bara da bashi da ciwon dabbobi a tsakanin layukan da ke maganar aljanu. Ita Demdike ba ta ga ranar shari'a ba, ta mutu a cikin kurkuku. An rataye 'yarta Elizabeth, da jikokinta James da Alizon, da Chattox da 'yarta, da Alice Nutter da wasu, ranar 20 ga Agusta.

Kafin nan, an kawo John Law gaban kotu da shanyayyen jikinsa, Alizon ta durƙusa tana kuka ta sake neman gafararsa, ya ce ya yafe. Kotun da ke shirin kashe ta saboda maita ta tambaye ta ko za ta iya warkar da shi. Ta ce ba za ta iya ba, amma da kakarta tana raye, da ta warkar da shi.