Wai katun na yara ne

Abin da ke ƙona mini rai a Garwa shi ne, da ka kunna fim ɗin zane da daddare, sai wani ya leƙo ya ce, "Haba Malam, da gemunka kake kallon katun?" Kuma ba zai wuce ba. Kujera zai ja ya zauna, ya karɓi shayi, ya ci gaba da surutu.

Daren Asabar mukan fitar da talabijin tsakar gida saboda zafi, mu kalli tsofaffin shirye-shirye da finafinan da ba a samu a kasuwa, mu ƙare da kiɗan da gidajen rediyo ba sa sawa. Ba mu gayyaci kowa ba. Amma minti biyar bai cika ba za ka ji, "Ina jarumin? Ba rawa? A sa mana na Indiya mana."

Zancen zanen nan ya fi ba ni haushi. A Japan akwai finafinan zane da aka yi don manya zalla, kan yaƙi da yunwa da maraici, waɗanda ba za ka bar yaro ya gani ba. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, masu zanen hannu kan zana 12, wato zane 720 a minti guda. Wannan wahalar ce mutum yake rainawa yana danna waya.

Kiɗan kuwa, wai hayaniya ce. Mai faɗin haka wayarsa na ƙara tun magariba, ya ƙi rage murya.