Ƙannena masu dilibari, ku daina cewa "gani nan a hanya" alhali kuna zaune

Jiya wajen ƙarfe goma na safe ina zaune a teburin mai shayi a unguwar Jekadafari a nan Gombe, sai ga wani yaro ya zo ya faka mashin cikin rana, akwatin nan na dilibari ɗaure a baya, ya ce a soya masa indomi da ƙwai biyu. Ko ruwa bai tafasa ba wayarsa ta fara ƙara. Ya ɗauka, da kunnena na ji: "Hajiya wallahi gani nan, na wuce Babbar Kasuwa, minti biyar." Ya ajiye, ya ci indominsa tsaf, ya kora da shayi, suka shiga kallon bidiyo da abokinsa suna ta dariya. Ta sake kira, ya ce faci ya yi yana wurin mai faci. A kira na uku ko ɗauka bai yi ba, kife wayar ya yi a kan benci. Sama da minti arba'in fa. Na kasa haƙuri na ce ƙanina me ke cikin akwatin nan? Ya ce kek ne na suna za a kai Tumfure. Kek, a ranar Gombe, a cikin akwatin roba!

Ni ba cin abincinsa ne ya ɓata min rai ba, ɗan Adam ne, yunwa ba ta san aiki ba. Wallahin nan ce ta tsaya min a rai. Me zai rage shi da ya ce Hajiya ina karyawa ne, ki ba ni rabin awa? Amma a'a, sai ya jawo sunan Allah ya ɗora a kan ƙaryar da ko sisi ba za ta ƙara masa ba, ita kuma baiwar Allah tana can gida cike da baƙi tana leƙen ƙofa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, abin ya zama kamar wani yare na sana'ar. Na kusa. Ina layinku. Netwok ne. Cajina ne ya ƙare. Ga ni a shataletale. Mutum yana kwance a ɗakinsa a Pantami zai rantse maka yana Bolari. Manzon Allah (SAW) ya ce alamomin munafuki uku ne, in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alƙawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Ku duba min da kyau, a kiran waya ɗaya na sakan talatin yaron nan ya haɗa duka ukun bai ma sani ba.

Akwai maganar da muke yawan yi a majalisa, wai ma'aikacin gwamnati ne malalaci saboda ko ya yi aiki ko bai yi ba ƙarshen wata alat zai shigo, shi kuwa mai aikin kamfani ko mai zaman kansa dole ya tashi tsaye don in bai kai kaya ba babu kuɗi. Na daɗe ina yarda da wannan, kuma ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Na taɓa bin wata takarda da aka ba direban wata ma'aikata ya kai Kaltungo, kwana tara tana kwance a aljihun mota, motar kuma kullum tana kai yara makaranta da madam kasuwa. Da na yi magana cewa ya yi aikin gwamnati ba gonar uban kowa ba ce. To wannan cuta ce, mun san ta. Amma yanzu da idona ya buɗe na ga na kamfanin ma da tasa cutar. Shi ana biyansa ne da yawan kayan da ya kai, sai ya kwashi oda goma a lokaci ɗaya, Tudun Wada, Herwagana, Federal Low Cost, Tumfure, ya cusa su akwati ɗaya, kowa ya kira ya ce masa kai ne na gaba. Na gwamnati ya ce maka ka dawo gobe, ka tafi da ɓacin rai amma ka kama wata sabgar. Wanda ya ce gani nan kuwa ya ɗaure ka ne a ƙofar gida, ba ka fita ba, ba ka kwanta ba, har sallah sai ka yi ta cikin sauri kar ya zo ba ka nan. Ashe hali zanen dutse ne, ba ruwansa da wanda ke biyan albashi.

Ƙanwata tana sana'ar turaren wuta da humra, a WhatsApp take tallarta, da haka take riƙe marayu uku. Kwanaki ta yi webil zuwa Bauchi ta hannun wani direba a tasha. Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 150 ne, tafiyar awa biyu da wani abu. Matar da ta sayi kayan ta kira shi da azahar ya ce sun wuce Alkaleri, ashe ko lodi ba su gama ba. Matar ta tura ɗanta tasha ya wuni a can har isha'i, da kayan ya iso kuma kwalba biyu sun fashe don a ƙarƙashin buhun masara ya danna kwalin duk da an rubuta a jiki an kuma roƙe shi. Wa aka zaga? Ƙanwata. Wa aka yi wa bulok aka ce 'yar damfara ce? Ita. Shi ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, in ka san ba za ka iya kula da kayan mutane ba kar ka miƙa hannu ka karɓi kuɗin. Wani sa'in ma magani ne a cikin ledar nan da kake wasa da ita, akwai mara lafiya kwance a asibiti ana jiranka, kai kana can shagon caca kana duba ko tikitinka na ƙwallo ya ci.

Tunda na ambaci caca bari in faɗa, rabin kuɗin da yaran nan ke samu can yake ƙarewa, shi ya sa kullum suke cikin kwasar odar da ta fi ƙarfinsu. Sai kuma wata ɗabi'ar banza da ta shigo, ka kai wa yarinya ko matar aure saƙo, ka ajiye lambarta, dare ya yi ka fara tura mata "slm ya kike". Haba! Lambar nan ma amana ce, don aiki aka ba ka.

Na san akwai wuya, ba na musu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tsalle ta wuce 500, daga baya har ta haura 1,000, kwastoma kuma yana nan yana ja da kai a kan ɗari biyu. Ga rashin adireshi, a ce maka bayan masallaci kusa da taransifoma gida mai jan get, ka je ka tarar da jan get biyar. Duk na yarda. Amma wanne ne a cikin waɗannan ya tilasta maka rantsuwa a kan ƙarya? Ramin ƙarya ƙurarre ne ƙannena, Gombe kuma ƙaramin gari ne, matan nan masu sana'a suna da guruf, suna ba juna lambar wanda ya iya da wanda za a guje masa. Wake ɗaya ke ɓata gari, akwai yara masu kirki a cikinku da ke shan zagi saboda halin wasu. Ku ji tsoron Allah ku gyara, alƙawari kaya ne.

Wani lokaci in na tuna da sai in ji kamar in yi hawaye. Kafin 1996, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Bauchi, komai na takarda sai an kai shi can, babu wayar hannu sai a 2001 ta shigo, babu lokeshan, babu tiransifa. Masinjan gidan waya da kakinsa da kekensa zai bi unguwa yana tambaya har sai ya sa wasiƙa a hannun mai ita, shi ma fa ma'aikacin gwamnati ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuɗin makarantar yayanmu yake ƙunshewa a ambulan ya miƙa wa direba a tasha ya ce ka kai wa yarona Maiduguri, ba rasit, ba shaida, sai "Allah ya kiyaye hanya". Direban nan in ya isa bai samu yayanmu ba kwana yake da kuɗin a ƙarƙashin matashinsa, washegari ya koma makarantar ya neme shi, in ya dawo Gombe kuma har gida yake zuwa ya ce Alhaji saƙo ya isa, ga amsar da ya rubuto.